Yadda Za Ka Yi Suna a Rainon Jariri Ba Tare da Ka Taɓa Nafkin Ba

Kai da aka yi wa haihuwa a gida, jawo kujera ka zauna. Ni ne wanda direbobi ke kira Ba-Birki. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da ɗaya na yi a kan sitiyarin babbar mota. Sau biyu birki yana tsinke mini a gangare, sau ɗaya gada ta rufta ina kanta, ga ni nan ina shan shayina. 'Ya'ya goma sha ɗaya Allah ya ba ni, kuma duk unguwa ta shaida babu wanda ya kai ni sanin jarirai. Abin da unguwa ba ta sani ba, daga ni sai uwar 'ya'yana: wannan hannun bai canza wa ko ɗaya daga cikinsu nafkin ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka tsufa da sunanka, hannunka kuma fes.

Mataki na ɗaya: Ka riga kowa magana

Da jariri ya tsanyara kuka, kada ka motsa. Ɗaga yatsa ka ce, "Yunwa ce." In aka ba shi nono ya ƙi, ka girgiza kai ka ce, "Ai na faɗa, ciki ne." Babu mai tuna abin da ka fara faɗa, domin duk mutanen gidan ba su yi barcin kirki ba tun ranar da ya zo.

Jariri mota ne. Abu uku ke tsayar da shi: ko mai ya ƙare, ko inji ya yi zafi, ko salansa, bututun hayaƙi na baya, ta yi aikinta. Biyun farko naka ne, ka yi ta bayani. Na ukun na masu ƙaramin sani ne.

Mataki na biyu: Ka san lokacin ɗauka da lokacin miƙawa

Ɗauke shi bayan an yi masa wanka, an shafa hoda, baƙi sun cika falo. Kada ka sa farar riga, domin abin da ya sha rabinsa ajiya ce, a kafaɗarka zai tumbuɗo shi.

Idonka a kan fuskarsa. Da ka ga ya yi shiru, ya ƙura wa bango ido, ya yamutsa fuska kamar direba yana hawan dutse da giya ɗaya, to saura ƙirga biyar. Miƙa shi ga mace mafi kusa ka ce, "Je ka wurin kakarka, tun ɗazu take kewarka." Za a ce kana da kara.

Mataki na uku: Ka tanadi ciwo

Nawa hanci ne. Tun haihuwar ɗana na fari na sanar cewa hancina ya mutu a shekarar da na yi dakon taki. Wanda ba ya jin wari ba a kama shi da laifin bai lura ba.

Sai dai ka riƙe bakinka. Ran nan na leƙa kicin na ce, "Albasar nan ta fara ƙonewa." Uwar 'ya'yana ta juyo da ludayi a hannu ta dube ni. Mace in ta yi shiru, ajiya ta yi.

Mataki na huɗu: Kada ka cika baki a gaban suruka

Suruka ba ta san tarihi ba, duk abin da ka faɗa gaskatawa take yi.

Matar autana ta haifi namiji, wata biyu ke nan. Wata safiya ta ce likita ya ce ta koma a duba ta, ga mijin yana wurin aiki, ga layin asibiti babu daɗi da jariri. Ni kuwa baki ya riga hankali. Na ce, "Rainon awa biyu har wani abu ne? Ni da na raini goma sha ɗaya?"

Ta ce, "Kai, Baba, Allah ya ƙara girma! To, Mama ma ta huta."

Uwar 'ya'yana ta riga ta yafa mayafi. Ta ce, "Hutun me? Raka ki zan yi, 'yata. Angona yana hannun gwani." Ta ajiye mini jaka da kwalbar madara, ta dafa kan yaron ta ce, "Angona, ka saki jikinka da kyau, ka ji?"

Na ji wannan "da kyau" ɗin har cikin ƙashina.

Mataki na biyar: In an bar ka da shi, ka zama inji

Kwantar da shi a ƙirjinka, ka rufe baki ka yi gurnanin babbar mota tana tsaye ba a kashe ta ba. Kada ka canza giya, farkawa zai yi. Wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba. Abokin nawa ya yi barci har da sakin baki, ni kuwa ina ta yi wa kaina kirari.

Can sai ya buɗe ido. Ya ƙura wa bango. Na waiga dama, na waiga hagu, babu mace ko ɗaya a gidan, sai hoton uwar 'ya'yana a jikin bango, shi ma kamar dariya yake yi. Ƙarar da ta biyo baya, ko tayar baya ta fashe sai haka. Hancin da ya mutu shekara arba'in ya tashi nan take.

Na rungume shi na nufi shagon tela maƙwabcina, mai 'ya'ya tara, wanda unguwa ke sa wa na biyu a bayana.

Na ce, "Maƙwabci, zo ka nuna wa yaron nan gwaninta."

Ya shaƙa sau ɗaya, ya dafe ƙugu ya ce, "Wallahi bayana ne, tun shekarar da..."

Muka dubi juna. Ashe mu biyu ne a sana'ar.

Mataki na shida: In ta kama dole, ka ɗauka canjin taya ne

Na so in jira matan su dawo. Amma yaron ya fara wani kuka da ban san shi ba, siriri, har da hawaye, yana riƙe da gemuna yana kallona kamar ya san babu kowa sai ni. Mutumin da bai bar mota a daji ba, ba zai bar jikansa cikin wannan hali ba.

Ga ƙa'ida. Sami wuri mai faɗi. Jera kayan aiki kafin ka kwance komai. Ɗaga ƙafafu biyu da hannu ɗaya, shi ne jak ɗinka. Kuma kada ka tsaya saitin lagireto, tankin ruwan inji, in ka buɗe. Na sha faɗa wa direbobi wannan, amma ran nan ni na manta. Ya tsula mini fitsari har cikin aljihun rigata.

Abin ya haura har gadon bayansa. Yadda cikin da bai kai kofin shayi ba ya fitar da wannan lodi, malamai su bincika.

Sabon nafkin yana da 'yan kunnuwa biyu da ake mannawa. Hannun da ya saba da sifana bai san lallashi ba. Na ja kunnen nafkin farko, ya tsinke. Na biyu ma haka. A na uku na jawo akwatin kayan aikina na ɗauko baƙin salatif na waya, na zagaye nafkin ɗin sau uku, ta sama, ban taɓa fata ba. Yaron ya yi ajiyar zuciya, ya dube ni, ya yi mini murmushi da dasashi.

Mataki na bakwai: Ka ɓatar da shaida

Na wanke hannu, na canza riga, na zauna ina gurnani kamar babu abin da ya faru. Da suka dawo surukata ta ce, "Baba, bai ba ka wahala ba?"

Na ce, "Wa? Ko motsi bai yi ba."

Uwar 'ya'yana ta karɓe shi, ta ɗaga 'yar rigarsa. Baƙin salatif yana ta ƙyalli.

Surukata ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki, kafaɗunta na rawa. Ita kuwa tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta jujjuya shi kamar mai taya kaya a kasuwa, ta ce, "Goma sha ɗaya na wanke ni kaɗai, Malam. Ashe hannun yana aiki."

Na ce, "Duba da kyau, ko ɗigo ya zuba?"

Ta ce, "Bai zuba ba. Shi ya sa daga yau aikin ya zama naka. Hancin ma, Allah ya ƙara sauƙi."

Yanzu yaron ba ya barcin rana sai a kan inji. Kunnuwan nafkin sun daina tsinkewa a hannuna, kuma jiya tela ya zo a ɓoye in koya masa.

Gargaɗi

Wannan hanya ta yi mini aiki shekara arba'in, ranar da ta gaza kuma laifin yaron ne. In ka bi ta aka kama ka, ko matarka ta karanta wannan takarda kafin kai, ko aka jiƙa maka aljihu, babu ruwan Ba-Birki, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. In kuwa ka bari ya riƙe gemunka ya yi maka murmushin nan, kada ma ka zo neman shawara. Za ka tarar hannuna ba wuri.