Injiniya Gambo da Rogon Guna

A duk ƙasar Damagaram babu wanda ya san ciwon tsiro kamar Injiniya Gambo, kuma shi da kansa zai faɗa maka haka. Wata uku ya yi a Faransa, amma shekara tara ke nan yana ba da labarinsu. Manoma suna kiransa Tun-Ina-Faransa. Ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi kai ba, rogon kwarin Guna kaɗai ya rage wa mutane. Sai ga cuta ta faɗa masa, ganye ya yi dabbare-dabbare ya kanannaɗe. Amma a rabin gonar furoje, wato ta aikin gwamnati da Gambo ke shugabanta, an ga abin mamaki: ganyen ƙasa duk ciwo, sabon toho kuwa fes.

Wata tsohuwa, Kellu, ta je ta ce wa Gambo irin shuka mai zuwa daga kan waɗannan za a yanka, haka uwarta ke yi. Gambo ya dube ta ta saman tabarau.

"Inna, wannan ilimi ne, ba dakan fura ba."

Ana nan sai takarda ta zo cewa manyan baƙi na tafe daga Yamai. Gambo bai taɓa shiga kwarin ba, don laka ba ta jituwa da takalminsa. Daga tagar mota ya hango ganyen ƙasa, ransa ya ɓaci. Yaya za a ɗauki hotonsa a gaban wannan ƙazanta? Ya ba da oda a tuge duk mai tabo a ƙone. Kellu ta bi motar tana roƙo a bar mata ko dami ɗaya, shi kuwa ya ɗaga gilashi.

Ranar ziyara ya sha kwat, ya tsaya gaban toka ya buɗe baki.

"Tun ina Faransa na gano sirrin. Idan ƙwayar cuta ta shiga, tsiro yakan kama saƙonta ya daddatsa. Guntayen ya aika wa sabon toho, ko'ina ta ɓullo a gane ta, a rufe mata baki. Shi ya sa za ku ga ƙasa ciwo, sama lafiya. Irin wannan tsiro zinariya ne!"

Wallahi bayanin ya yi kyau, ko wasali bai kuskure ba. Babbar baƙuwar ta yi murna, ta ce ai irin waɗannan tsirran suka zo ɗiba, a raba wa ƙauyuka arba'in. Ina suke?

Gambo ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shiga goge tabarau. Kellu ce ta amsa daga bayan taro.

"Kina tsaye a kansu, Hajiya. Cutar dai sun fi ƙarfinta. Injiniya ne ba su da maganinsa."