Rasuwar Faranti, Allon Zanen Tajuddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Tajuddeen ɗan Malam Gwadabe Mai Zanen Riga, na unguwar Soron Ɗinki a cikin birnin Kano, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikinsa, allon zanensa na lantarki, wanda aka fi sani a gida da suna Faranti. Marigayin ya cika ranar Laraba da hantsi, yana da shekara shida a duniya, bayan doguwar jinya. Ya tafi da zanen wata riga a cikinsa, aikin mako uku cur, ana saura kwana uku mai rigar ya zo. Iyali na neman afuwar jinkirin wannan sanarwa. Daga Laraba zuwa Asabar babu wanda ya sami natsuwar yin kuka a gidan nan.

Marigayi ya shigo gidan a cikin kwali, baƙi wuluk, fuskarsa sumul. Gwaggo 'Yardada, yayar Malam, ita ta raɗa masa suna, domin ranar farko ta same shi a kan tabarma ta ɗora masa kofin koko. Bai riƙe ta a zuci ba.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Idan Tajuddeen ya ja layi ya karkace, sai ya ƙwanƙwasa fuskarsa da yatsu biyu, layin ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya yafe kuskure sau dubu a wuni guda, bai taɓa yin gori ba. Ba shi da yawan magana. Abin da za a tuna na muryarsa shi ne ƙis-ƙis ɗin alƙalami a kan gilashi, da wani ɗan "ɗin!" da yake yi idan an jona shi da wuta, kamar mai godiya. Yana kuma da wata ɗabi'a ta dattako: idan aka zana masa da'ira ta fito kamar ƙwai, sai ya gyara ta a ɓoye, ya bar mai shi yana ganin gwanintarsa ce.

Amma babban alherinsa rufin asiri ne, kuma tunda asirin ya riga ya fita, ba laifi a faɗe shi a nan. Sana'ar gidan nan tun kakanni ita ce zana fasalin aiki a jikin babbar riga kafin masu ɗinki su bi shi da zare: aska takwas a ƙirji, da tambari, wato da'irar nan mai naɗewa, a gadon baya. Da tawadar bagaruwa ake yi, wadda ba ta fita a wanki, domin riga takan yi wata biyu a hannun masu ɗinki, kuma gumin hannu yana cinye tawada mai rauni. Layin da aka ja daidai, zare zai rufe shi. Wanda aka ja a karkace, mai riga zai yi ta yawo da shi har rigar ta tsufa. To, shekara uku ke nan hannun Malam Gwadabe yana karkarwa. Sai ya zama Malam yana zaune a soro yana karɓar baƙi, Tajuddeen yana shiga da yadi cikin gida, ya kwafi abin da ya tsara a jikin Faranti aka buga masa a takarda, ya bi ta kan takardar kabon, ya fito da aiki tsaf. Baƙi su yaba wa Malam, Malam ya sunkuyar da kai.

Malam bai taɓa gode wa marigayi ba. Abin da yake faɗa kullum, idan baƙi sun tafi, shi ne, "Ba kai kake zane ba, Tajo. Farantin nan ne." Maganar nan ta tsaya wa Tajuddeen a rai shekara uku, ba don zafinta kawai ba, sai don shi kansa bai san ko ƙarya ba ce.

Ciwon ajali ya fara ne a damina. Da farko caji ya daina zama masa a ciki. Daga nan sai bakin wayar cajin ya saki, har sai an tokare shi da littafi an ɗaure da roba kafin ya sha wuta. Bayan Sallah cikinsa ya kumbura, fuskarsa ta ɗaga daga gefe guda, ya fara jan layukan da ba wanda ya sa shi. Gwaggo ta ce a yi masa hayaƙi. Ranar Laraba, Tajuddeen ya saka shi a jaka zai kai a buga zanen, ya tsaya a bakin ƙofa ya kunna shi don ya yi masa kallon ƙarshe. Fuskar ta yi fari, ta yi kore, ta ɗauke. Nazeer mai gyara ya buɗe shi, ya duba, ya sansana, sannan ya mayar da murfin a hankali ya ce, "Sai haƙuri, yallaɓai. Ko abin da ke ciki ba za a ciro ba."

Marigayi ya bar alƙalami ɗaya mai lafiya, wanda yanzu ba shi da inda zai taka. Ya bar waya da kan caji, da jakar fata, da robar da ta yi jinyarsa. Ya kuma bar marayu biyu, yatsan manuniya da na tsakiya na hannun daman Tajuddeen, waɗanda har yanzu ba su yarda ya mutu ba.

Zanen da ya tafi da shi na Alhaji Hammadu ne, dillalin shanu na Shahuci, wanda mahaifinsa ma a gidan nan ake yi masa zane. Yadin ba na kasuwa ba ne. Farar saƙar hannu ce, daga audugar da mahaifiyarsa ta kaɗa da mazari shekarunta na ƙarshe, kuma babu ko taƙi ɗaya da ya yi saura. Rigar zai sa a ɗaurin auren 'yarsa, masu ɗinki kuma sun ce idan ta wuce Asabar ba ta iso hannunsu ba, kada a kawo. Alhaji ya ƙi barin yadin ya kwana a gidan kowa kafin a zana shi. Awo kawai ya bayar, ya ce ranar zai zo da shi da kansa.

Alhamis da Juma'a Tajuddeen ya wuni a kan takardar buhun siminti da fensir. A nan ya gano abin da marigayi ya ɓoye masa. Idonsa ya san inda kowace aska za ta tsaya, ya san faɗi, ya san tazara, wannan duk yana nan. Amma tambari ya ƙi. Duk wanda ya zana sai ya fito da ƙusumbi. Kuma duk sanda layi ya karkace, sai ya ji yatsunsa biyu sun ƙwanƙwasa takarda, ƙwas-ƙwas, suna jiran gafarar da ba za ta zo ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ke hana cin abinci. Da kyar ya haɗa takarda ɗaya da za a iya kwafa, ya naɗe ta ya ɓoye a ɗaki.

Asabar da safe Alhaji Hammadu ya iso, ya warware yadin a kan tabarmar soro. Tajuddeen ya miƙa hannu zai ɗauka ya shiga ciki yadda aka saba. Alhaji ya dafe yadin.

"A'a, ɗana, bar shi nan. Malam, a gabana za ka yi, yadda na ga ka yi wa Babana. Ina son in ga inda alƙalami zai fara taɓa zaren Inna."

Malam Gwadabe ya jawo gidan tawada, ya ɗauki alƙalamin kara, ya tsoma, ya kai hannu saman yadin. Ɗigon tawada ya taru a bakin alƙalamin yana lilo, hannu yana kaɗawa, farin yadi yana ƙasa. Tajuddeen ya tara tafinsa, ɗigon ya faɗa a ciki.

Malam ya ajiye alƙalamin. "Alhaji, ba zan cuce ka ba. Shekara uku rabona da jan layi. Rigarka ta bara ma yaron nan ne ya yi."

"To ai ta yi kyau. Ya zana mana."

"Da na'ura ya yi. Ta mutu ran Laraba."

Alhaji ya dubi Malam, ya dubi Tajuddeen, ya fara ninke yadinsa. Tajuddeen ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Sana'ar kakanni ce ake ninkewa a gabansa, kuma mahaifinsa ne ya bayar da shaida a kansa. Ya ce, "Baba, a gwada ni."

Malam ya miƙe. Ya janye gefen tabarma, ya baje yashin da ke daɓen soron da ƙafarsa. "A nan na koya, a nan ubana ya koya. Yi mini tambari. Kada ka yi da wuyan hannu kamar mai sa hannu a takarda. Daga kafaɗa."

Tajuddeen ya zana da yatsa. Malam ya share da tafin ƙafa. Ya sake, aka share. Alhaji ya tsaya da ninki, yadin yana kan cinyarsa. A karo na huɗu Tajuddeen ya lura tsoron ya ragu, domin wannan wasan ya san shi: ja, share, sake ja, abin da ya yi shekara shida yana yi da marigayi ke nan. A na bakwai Malam bai share ba. Ya juya ya ce, "Alhaji, yadinka ne. Ni dai da nawa ne, da na ba shi."

Alhaji ya yi bisimilla ya sake warwarewa.

Tambari ya fita lafiya, zagaye bakwai, numfashi a riƙe. Aka juya yadin. Aska ta ɗaya, ta biyu, har ta biyar. A ta shida, kusa da kafaɗar hagu, bakin alƙalami ya ci karo da ƙullin zare ya ɗan goce, gocewar da zaren ɗinki zai rufe ba tare da kowa ya sani ba. Amma marayun nan biyu ba su yi shawara da kowa ba. Kafin Tajuddeen ya ankara sun sauka a kan yadin, ƙwas-ƙwas, da tawadar da ya tara ɗazu a jikinsu. Ya ɗaga hannu. Tabo biyu baƙaƙe, a fili, a inda babu zanen da zai bi ta kai.

Alhaji ya yi salati. Malam ya rufe ido. Daga bayan ƙofar cikin gida aka ji Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, ya danna."

Tajuddeen bai motsa ba. Ya yi ta kallon tabon, zufa tana bin bayansa. Babu gogewa, babu komawa baya. Sai idon nan da ya saba jujjuya fasali sau ɗari kafin ya zaɓi ɗaya ya fara aiki. Ya tsoma alƙalami, ya kewaye kowane tabo da 'yar da'ira, ya ɗaure su da siririn layi zuwa bakin askar, ya ƙara uku a ƙasa don su yi nauyi daidai da aljihu, har suka zama kamar 'ya'yan da askar ta zubar. Ya gama sauran biyun. Ya ajiye alƙalami.

Alhaji ya daɗe yana dubawa. "Wannan fasalin mene ne sunansa? Ban taɓa gani ba."

"Ba shi da suna tukuna," in ji Malam. Bai kalli ɗansa ba. Ya tura gidan tawadar da ƙafa, a hankali, har ya tsaya a gaban gwiwar Tajuddeen, kuma bai sake jawo shi ba.

Masu zuwa gaisuwa suna ta tambaya ko marigayi ya ƙara wa mai shi gwaninta. Iyali na roƙon a daina, domin an tambayi Malam ya ce shi dai a ganinsa Faranti yashi ne mai tsada, an tambayi Tajuddeen ya yi hawaye. Marigayi ya ba shi ido, ya ɓoye masa raunin hannu, ya bar masa tabo biyu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Za a yi jana'iza gobe Litinin da ƙarfe goma na safe a soron gidan. Ba za a yi wanka ba, saboda marigayi bai taɓa shiri da ruwa ba. Za a goge fuskarsa da ƙyallen tabarau, a naɗe shi a takardar buhun simintin da ba a yi amfani da ita ba, a sa shi a ƙasan adakar Malam tare da alƙalaminsa. Gwaggo 'Yardada ta nemi a ba ta shi ta riƙa ɗora kofi, an hana ta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da tallan sabo, sai an yi arba'in, kuma su kula da inda suke taka ƙafa, domin yashin soro yanzu wurin aiki ne. Wanda bai sami zuwa ba, ya jira ɗaurin aure a Shahuci nan da wata biyu. Ya dubi kafaɗar hagun uban amarya, gefen aska ta shida. A nan aka binne shi, a ƙarƙashin zare.