Saurayin Cikin Akwatin Habboba

Ni na naɗa kaina masanin tarihin danginmu, ba wanda ya roƙe ni. Da na tsinci hoton wani saurayi mai rawani a akwatin kakarmu, Habboba, a Omdurman ta ƙasar Sudan, kallo ɗaya na yi masa na yanke cewa marigayi kakanmu ne. Na kai hoton garin Bahri aka wanko manya, na raba wa kowane gida.

Ranar Salla na ɗaga hoton a gaban dangi, ina gwada hancinsa da nawa. Wata goggo har da hawaye. Ƙannen marigayin biyu kuwa sai kallon ƙasa suke, na ɗauka kewa ce.

Habboba ta ce a miƙo mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ajiye kofin shayinta.

"Ya waladi, yarona, wannan ai Usmanu ne, mijina na fari."

Babana, da furfurarsa, ya ce wa mahaifiyar tasa a hankali, "Yumma, dama kin taɓa wani aure?"

Har yau ko waya na buga gida, sai na ji ana cewa, "Ku zo ku gaisa da jikan Usmanu."