Babur ɗin Baffa Sale

Ba zan taɓa mantawa da kwana ukun da muka yi zaman makokin Baffa Sale ba, kuma ko ni na manta, mutanen unguwarmu a Garuwa ba za su bar ni ba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ina da wata cuta ta sayen kayan araha ta waya daga 'yan kasuwar ƙasashen waje. Ina zaune a ofis ɗinmu na kamfanin auduga, in ga hoton abu yana ƙyalli, in ga kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba, sai hannuna ya danna. Bayan wata biyu ƙullin leda ya iso. Na sayi madubin babur da ya lanƙwashe a rana, na sayi hular kwano da ko kan jariri ba ta shiga, na sayi wandon da aka rubuta masa babba, ya zo ya matse ni kamar bakin buhu (ku riƙe maganar wandon nan, za mu dawo kansa). Abin takaicin, ni ko babur ba ni da shi. A kan na Baffa nake gwaje-gwajena.

Baffa Sale ƙanen mahaifina ne, mahauci, kullum da sassafe yana mayanka. Shi da matarsa Inna Maimuna Allah bai ba su haihuwa ba, don haka ni ne ɗan gida, a hannunta na ci tuwo har na girma. Wata rana na ari babur ɗin na kai wa Buba makanike, ya ɗaura masa wata na'urar hana sata da na yi oda. Takardar bayaninta da wani rubutu ta zo wanda babu mai iya karantawa a cikinmu. Buba ya haɗa wayoyi, muka danna ɗan rimot ɗinta, shiru. Ya ce batirin babur ɗin ya yi sanyi, sai an sake shi. Ni kuwa na ce a raina wannan ma ta bi sahun madubi. Na maƙala rimot a jikin makullaina, na mayar da babur, ban gaya wa Baffa komai ba, don na gaji da dariyar da yake mini.

Bayan mako biyu Baffa ya dawo daga mayanka, ya ci abincin rana, ya kishingiɗa, bai sake tashi ba.

Da muka dawo daga maƙabarta aka tura babur ɗin ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Kayan mamaci ba a taɓa su sai ranar rabon gado, makullin kuma yana ɗaure a gefen zanin Inna. Bayan la'asar na shiga gaida mata, sanye da doguwar riga da wandon nan a ƙasa, don shi kaɗai ne wankakke. Gidan ya yi tsit, zafi ya danne kowa, ba ka jin komai sai ƙarar carbi. Na durƙusa gaban Goggo Dudu, yayar Baffa, wadda ta iso daga garin Ngong ba da jimawa ba.

Sai babur ya yi tari sau biyu, ya tashi.

Babu kowa kusa da shi. Yana tsaye a inuwa yana karkarwa shi kaɗai, fitilarsa a kunne, haskenta ya sauka daidai kan labulen ɗakin Inna Maimuna. Na zabura na miƙe, sai ya mutu. Kuma ni, ni da na yi boko har nake gyara wa mutane Faransanci, ni ne na fara buɗe baki na ce, "Kun ga inda fitilar ta nuna?"

Washegari da safe na sake shiga gaisuwa, na durƙusa, ya sake tashi. Na miƙe, ya mutu. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da na fahimta shi ne Baffa da ni yake son magana, tunda sai na shigo yake motsi. Na koma zaure na ba da labari, kuma duk wanda ya zo ta'aziyya sai labarin ya ƙara kumbura. Na ce na ji ƙamshin turarensa. Na ce na ga kujerar babur ta lotsa kamar an hau (wallahi ban ga komai ba, amma a lokacin na yarda na gani).

Goggo Dudu ba ta ɓata lokaci ba. Ta fara tambaya da ƙarfi, wai wa ya dafa abincin da ɗan'uwanta ya ci ya kwanta. Mata suka fara jan tabarminsu nesa da ƙofar Inna. Randar da ta ɗebi ruwa a ciki babu wanda ya sake sha. Kafin azahar kalmar da ake raɗa ta fito fili: maita. Goggo ta yanke cewa ana gama sadakar uku Inna za ta tattara ta tafi Bogo wurin danginta, ta ƙarasa takaba a can. Matar da ta yi shekara talatin a ɗakin nan za ta fita da wannan sunan a kanta, ita kuwa tana zaune bayan labule da carbinta.

Rana ta uku aka kawo liman cikin gida. Ya yi mana faɗa sosai, ya ce wanda ya mutu ya tafi ke nan, ba ya dawowa tayar da babur, kuma zargin mutum ba hujja babban zunubi ne. Na lura dai daga bakin zaure ya tsaya yana faɗan. Maza suka cika tsakar gida, har da Buba makanike, wanda ya yi tafiya sai ranar ya dawo. Da aka ce za a yi addu'a, na matsa gaba da ƙirjina a buɗe, na ce a bar ni kusa da babur, ni kaɗai yake saurare. Na tattare riga, na durƙusa.

Ya tashi. Mata suka yi ɗaki, wani dattijo ya fice ba takalmi. Ina nan a durƙushe ina salati, sai na ji wani yana tafa hannu a bayana.

"Ah bon, na'urar ta yi aiki ke nan," in ji Buba, fuskarsa cike da murna. "Ashe Baffa ya sake batiri. Patron, ina telekomand ɗin, rimot ɗin nan da na ba ka? Ai har babur take tayarwa daga nesa."

Ban san gida zai iya yin shiru fiye da shirun makoki ba sai ranar. Na miƙe, babur ya mutu. Na ɗaga riga na cusa hannu a aljihun wando, aljihu ya ƙi ba ni hanya. Ina kokawa da makullai, babur ya tashi. Na ja, ya mutu. Na sake ja, ya yi wani kuka kamar motar asibiti. Mutum sittin suna kallona ina rawa da wandon araha, liman yana girgiza kai, Goggo Dudu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta ƙara maganar Bogo ba.

Da jama'a suka watse na je ƙofar Inna, na ajiye makullan nesa tukuna, sannan na durƙusa. Na fara neman gafara. Ta ɗaga labule ta dube ni.

"Tashi, ɗana. Ni ban ji tsoronsa ba. Duk sanda ya tashi sai in ji kamar malam ne ya dawo daga mayanka, har in yunƙura zan kawo masa ruwa. Abin da ya yi mini ciwo, da aka nuna ɗakina, muryarka na fara ji."

Na gwammace ta mare ni. Na yi kuka a wurin kamar yaron goye, ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri.

Inna ta gama takabarta a ɗakinta. Ranar rabon gado ta ce a sa mata babur ɗin a cikin rabonta, ta kuma aiko a karɓi rimot daga hannuna. Har yau, in na biyo ta ƙofar gidan da azahar, lokacin da Baffa yakan dawo, wani sa'in nakan ji babur ya tashi na ɗan lokaci a tsakar gida, sannan ya yi shiru. Ba na shiga a wannan lokacin.

Na daina odar kaya, wandon kuma na yi tsumman goge takalmi da shi. A duk tarkacen da na taɓa saya, na'urar nan kaɗai ce ta yi aiki, ita ma ta kusa korar uwata daga gida. Yanzu in abu ya motsa ba dalili, kafin in nuna ƙofar wani, sai na fara lalube aljihuna.