Ranar da Na Ƙi Kashe Mashin a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na goya surukina daga Wurno zuwa Goronyo ba, za mu gaisuwar mutuwar amininsa. Mashin ɗina a lokacin yana da wata cuta: in ya yi zafi ka kashe shi, ba ya tashi sai an tura. Bakanike ya gaya mini maganin tun da daɗewa, ni kuma kullum sai gobe. Ƙarfen da ke rufe salansa, wato bututun hayaƙin mashin, shi ma ya faɗi, ban mayar ba.

Mun kusa shiga gari sai muka gamu da wasu dattawa suna dawowa daga gidan makokin. Baba, surukin nawa, ya taɓa kafaɗata, na tsaya. Aka fara gaisuwa daga kan mashin, aka tambayi gida da gona, sannan wani ya ɗaga hannu ya shiga yi wa mamaci addu'a, doguwa.

Ya kamata in kashe inji. Amma na hango kaina cikin babbar riga ina tura mashin a gaban uban matata, na ce ina! Na bar shi yana aiki a tsaye. Rana ta take, ba iskar da za ta sanyaya shi, zafi ya dinga tasowa har cinyoyina suka fara raɗaɗi. Na buɗa ƙafafuna a hankali ina cewa amin. (Kaina na ceta, ka ji. Ko sau ɗaya ban tuna da ƙafafun mutumin da ke bayana ba.) Na ma ji ƙaurin roba, na ɗauka wani ke ƙona shara.

Sai da muka zauna alwalar azahar a ƙofar gidan makoki, wani tsoho ya dubi Baba ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, mi as sami ƙahwakka?"

Gefen takalmin Baba ya narke, idon sawunsa ya tashi ya yi ruwa. Ashe da ya juya yana gaisuwa ƙafarsa ta zame ta jingina da salansa. Baba yana da ciwon suga, ya daɗe ba ya jin ƙafafunsa sosai. Na san da haka, don ni ke kai shi asibiti.

Mutane suka juyo suna kallona. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na kasa ɗaga kai. Shi kuwa ya ja bakin wandonsa ya rufe wurin, ya ce, "Ba komi. Tsuhwa ce, ni na aje ƙahwa inda ba wurinta ba."

Wata biyu ciwon bai warke ba. Dashen albasa ya wuce yana zaune a zaure, kuma akwai satin da likita ya ji tsoron za a rasa ƙafar, ni ma na kasa cin abinci. Allah ya sa ta tsira.

Da ya warke, ni ya sake kira in kai shi Rabah. Mun tsaya gaida wani a hanya, kafin ya buɗe baki na murɗe makulli.

"In ya ƙiya, mu tura shi tare," in ji Baba.

Bai san na riga na gyara shi ba. Yanzu ko sannu zan yi wa mutum sai na kashe inji. Turin minti biyu na guje wa, na ɗauko kunyar da har yau ban sauke ba.