Ranar da na wanke jitar Illa

Shekarar da albasa ta yi daraja a Madawa, ƙanena Illa ya sayar da tasa duka, ya sayo jita mai kaurin murya daga Yamai. Ya ba ni ajiyarta, ya tafi aiki Keita.

Wani hantsi na zauna ina kallonta, ja kamar garwashi. Har ina hango Illa a tsakiyar taro, ana nuna ni ana cewa ga wansa can. Sai na ga wani baƙin zane a jikinta. Na karanto ta dama, na karanto ta hagu, babu harafi ko ɗaya. Na ce ɓarnar yara ce. Ni da na girma da wankin allo, na sa kalanzir na goge shi tas. Don alheri kuma, na rangaɗa sunan Illa da ajami a gurbin.

Da ya dawo, ya daɗe yana kallon wurin.

"Yaya, ina sa hannun da babban makaɗin Yamai ya yi mini a nan? Shi na saya, jitar gyara ce."

Na ce, "Ai nawa ya fi karantuwa."

Har yau, in wani ya sayo sabon rediyo, sai a ce, "Ɓoye shi, ga Malam nan da kalanzir."