Malam An Rufe Ya Karɓi Baƙi

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar riƙon amana a yankin Bagwai, dole a fara da Malam Badaru. In ma mai lissafin ya manta, shi da kansa zai tuna masa. Shi ne mai kula da laburaren wata ƙaramar makarantar koyon aikin lafiya da ke tsakiyar gonakin dawa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ba a taɓa samun littafin da ya yage ko ya ɓata ba. Dabararsa mai sauƙi ce: ba ya bari a taɓa su. Kwaɗo biyu ne a ƙofar, mabuɗan kuma suna rataye a ƙugunsa, suna ƙara in yana tafiya don jama'a su san ilimi na wucewa.

Mutanen ƙauye suna ce masa Dakta, shi kuwa saboda kunya irin tasa bai taɓa gyara musu ba. Ɗalibai suna ce masa Malam An Rufe. Wannan sunan bai kai kunnensa ba.

Lokacin kuwa shekarun nan ne na tsuke bakin aljihu, da ake bin layin sabulu da madara, ga damina ta yi gardama sau biyu a jere. Ƙungiyar masu kula da laburaren asibitoci da makarantun lafiya ta saba yin taronta na shekara a otal a Kano, amma a bana abin ya gagara. Nan take Badaru ya rubuta musu wasiƙa mai shafi huɗu, ya ce makarantarsu na da zaure, da iska mai kyau, da kuma shi.

Yana da dalili. A wannan taron za a zaɓi laburare ɗaya ya zama cibiyar yanki, a ba mai kula da shi shugabanci. Abokin takararsa shi ne Malam Sama'ilu na wata makaranta ta wajen Rimin Gado, mutum marar tsari, wanda aka ce littattafansa duk sun yi laushi don yawan aro.

Badaru ne ya tsara takardar shirin taro. Jawabin maraba, Badaru. Gabatar da babbar baƙuwa, Badaru. Sharhi a kan jawabin baƙuwa, Badaru. Addu'ar buɗewa kaɗai ya bar wa liman, ita ma ya tsaya kusa da shi ko da za a buƙaci gyara.

Baƙi suka iso da hantsi, wasu a babur, wasu a bayan a-kori-kura tare da buhunan gyaɗa. Babbar baƙuwar ita ce Hajiya Falta, dattijuwa 'yar asalin Barno, wadda ta yi shekara talatin tana kula da laburaren wani babban asibiti a birni. An ba ta awa ɗaya. Badaru ya miƙe don gabatar da ita, ya kama bakin lasifikar da aka aro daga masallaci.

"Jama'a, kafin in faɗi ko wace ce Hajiya, ya kamata ku san ko wane ne ke gabatar da ita. Ni da kuke gani, na je kwas ɗin mako biyu a Zariya. Cikin littattafan da ke ɗakina ma, akwai wanda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Likita ba tare da mai laburare ba, me ye shi? Mai allura ne kawai!"

Ya bi ta kan tarihin takarda, ya ratsa ta yarintarsa, ya tsaya a kan wata gasar karatu da ya kusa ci. Awaki suka shigo zauren, suka saurara kaɗan, suka fita. Da ya waiwayo kan Hajiya, saura minti goma.

Ba ta nuna damuwa ba. Ta ajiye lasifikar gefe, ta yi magana da muryarta.

"'Yan'uwa, shekara uku ke nan mujallun likitanci ba su zo mana daga waje ba, kuma ba na ganin za su zo bana. Ungozomar da ke ƙauye tana aiki da abin da ta koya tun tana budurwa. Abin da muke da shi kaɗan ne, to kada ya kwanta. Kowa ya rubuta abin da ke kan kantarsa, mu riƙa aika wa juna. Cibiyar da za mu zaɓa yau, ƙofarta ce za ta fi ta kowa buɗuwa."

Aka yi tafi. Badaru ya fi kowa, don ya ji an ambaci cibiya. A sharhinsa ya bayyana cewa wannan duk ra'ayinsa ne tun da daɗewa, Hajiya ta dai riga shi faɗa.

Bayan azahar aka ci tuwon dawa da miyar kuka, wanda takardar shiri ta kira liyafar girmamawa. Daga nan aka fito ƙarƙashin darbejiya don nishaɗin gargajiya. Masu kalangu suka fara. Badaru ya riga ya rubuta wa maroƙinsu kirarin da zai yi masa, amma maroƙin bai iya karatun boko ba, sai ya yi masa na sarkin fawa, wanda ya haddace. Badaru ya saurari yadda ake yabon gwanintarsa wajen fiɗa, ya gyaɗa kai. Ya raɗa wa na kusa da shi cewa ana nufin tiyata.

Abu na ƙarshe shi ne wasan kwaikwayo. Akwai wani manomi, Mati, da ke da 'yar ƙungiya masu yin wasa ranar kasuwa don jan hankalin mutane ga rigakafi. Badaru ya ce masa ya shirya wani abu a kan muhimmancin mai laburare. Mati ya ce ai ya san abin da zai yi.

Aka kafa tabarma a matsayin ƙofa. Mati ya fito da babbar riga, da wata doguwar hula, da tarin ƙarafa a ƙugu suna kacau-kacau. Sai ga wata mata, Hure, a matsayin ɗaliba, ta taho a guje, wasu biyu na biye da ita ɗauke da mutum yana nishi.

"Malam, maciji ya sari wannan! A taimaka mini da littafin dafi in duba!"

"Kin zo da takardar neman izini?"

"Malam, ƙafarsa na kumbura!"

"Ƙafarsa ce. Littafin kuwa na gwamnati ne. Nuna hannunki. Kin ci mai yau? Ki dawo ranar Alhamis."

"Yau ce Alhamis!"

"To ta sama."

Marar lafiya ya ɗago kai ya roƙa ko hoton macijin a nuna masa, ya san wanda ya kashe shi. Mai hula ya ce hoton yana shafi na ɗari, kuma ba a buɗe littafi ya wuce shafi na goma, kada gindinsa ya saki. Daga ƙarshe marar lafiya ya tashi zaune, ya ce ya fasa mutuwa sai an buɗe, ya ɗingisa ya tafi gona.

Ɗalibai suka yi ta faɗuwa ƙasa don dariya. Malaman makarantar suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Baƙi suna dariya suna satar kallon mabuɗan da ke ƙugun mai masaukinsu. Shi kuwa Badaru har da hawaye. Yana dariya yana nuna Sama'ilu da baki, don tun fitowar Mati ya gane da wa ake.

Ana gamawa ya karɓe lasifika.

"Madalla! Wannan wasa ya tona asiri. Akwai irin waɗannan a cikinmu, masu girman kai, masu zaune a kan ilimi. Ku dubi ko hular da ya sa, kun san ta wanda bai waye ba ce. Yanzu za mu shiga zaɓe, ya kamata jama'a su san gaskiya. Mati, kada ka ji tsoron kowa, ina nan. Faɗa musu wa ka kwaikwaya."

Mati ya sosa ƙeya. "A bar maganar, Dakta."

"Na ce ka faɗa!"

"To, ranka ya daɗe, ai hular ma taka ce. Da safe uwargidanka Zulaihatu ta ba ni aro."

Mai kalangu, wanda bai san abin da ya dace ba, ya buga sau ɗaya. Hajiya Falta ta gyara mayafinta ta ce, "To, mu shiga zaɓe."

Cibiya ta tafi wajen Sama'ilu da littattafansa masu laushi.

Da la'asar Badaru ya koma gida, ya tarar da hular a kan tabarma, an kaɗe ta tsaf. Zulaihatu na tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba.

"Mati ya kawo, yana godiya," in ji ta. "Ya ce a gaya maka ta yi masa yawa. Sai da ya cusa tsumma a ciki ta zauna."